Ruwan da na shayar da Malam

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Rakiya, gidana yana wani ƙauye a ƙasar Ollelewa, cikin Damargu. Maigidana Malam Isuhu ya rasu a ƙarshen bazarar bara, bayan jinyar wata biyar da ƴan kwanaki. Labarin ciwonsa ya zaga ƙauyukanmu, kowa da yadda ya ji shi, har akwai masu cewa ni na kashe shi da hannuna ban sani ba. Shi ya sa na zauna da ɗan karatun manya da na yi, nake rubuta yadda abin ya faru, don mai son ji ya ji daga bakina. Na gaji da maimaita shi ga duk wadda ta shigo.

Sai na fara da ruwa, don wanda bai san ruwanmu ba ba zai gane sauran zancen ba. Rijiyar garinmu zurfi gare ta, sai da jaki ko raƙumi ake jan guga. Da damina da kaka ba mai wahalar da kansa a kanta, tabki muke sha, mu da shanun Fulani da raƙuman Buzaye. Ruwan kamar kunun kanwa yake, ganye ya ruɓe a ciki, ga kashin dabbobi. Haka muka tarar da iyayenmu suna sha.

Shekara ashirin da wani abu da suka wuce aka yi amai da zawo a garinmu. Cikin kwana uku na rasa ɗana na fari Sani da ƙanwarsa Nana da nake goyo. Bayan haka ma'aikatan lafiya suka zo, suka tara mata a ƙofar maigari, suka nuna mana ruwan jabel, maganin nan mai wari da ake ɗigawa a ruwan sha don ya kashe cuta. Sun ce a tace ruwa tukuna, sun kuma nuna awo da murfin kwalba. Gaskiya ni tacewar da awon ba su zauna mini a kai ba. Abin da ya zauna shi ne, ga abin da yake kashe abin da ya kashe mini ƴaƴa. Tun daga ranar, in na ɗebo ruwa daga tabki, yadda yake da duhunsa nake juye shi a randa, in tuttula jabel har sai na ji warinsa ya bugi hancina. Hancina ne mudun awona. Jabel ɗin ma na kasuwa ne, wanda ake ɗurawa a kowace irin kwalba, ba rubutu ba komai. Malam yakan yi mini tsiya ya ce, "Rakiya, furarki warin likita take yi." Amma yana sha. Manomi ne, gero da gyaɗa, kuma ba wanda ya kai shi shan ruwa a gidan. Ƴaƴa biyar na haifa bayan waɗancan biyun, duka biyar suna raye.

Ciwon ya fara ne bayan an gama ɗaure gero. Bai faɗa mini ba. Ni na gani a wandonsa ranar wanki, ɗigo-ɗigo, launin ruwan goro. Da na tambaye shi sai ya kawar da kai.

"Tsargiya ce," ya ce. "Na yi ta ina yaro, duk yaran garin nan mun yi. Za ta wuce."

Satin farko da na biyu a jiƙe-jiƙe suka tafi. Yayarsa Zuwaira, wadda gidanta yake bayan namu, ta ce zafi ne ya taru masa a mara, ta kawo saiwa ta ce a jiƙa da jar kanwa. Wani ya ce sabara, wani ya ce nonon raƙumi da sassafe, wani ya ce tsallake ya yi a gona. Duk mun yi. Jinin yakan ɗauke kwana biyu, mu ce Alhamdu lillahi, ranar na uku ya dawo.

A sati na uku na matsa masa muka je ɗakin shan magani na kusa da mu. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, mutum ne mai haƙuri, ya ba shi ƙwayoyin tsargiya, ya ce in ba a ga sauƙi ba cikin kwana goma a wuce asibitin Tanut. Malam ya riƙe maganar ƙwayoyin, ya yar da maganar Tanut. Kwana goma suka zama ashirin. A nan ina da ƙorafi a kaina da kansa duka. Namiji in ciwo ya kama shi a wannan wuri, ya fi son ya mutu da ya buɗe baki. Ni kuma kunya ta hana ni kiran ƙannensa in ce su ɗauke shi dole.

Sati na shida ne fitsarin ya tsaya cak. Da hantsi na tarar da shi a bayan rumbu, ya durƙusa ya dafa ƙasa, gumi na zuba duk da sanyin da ake yi. Mutumin da ban taɓa jin kukansa ba, ko ranar da aka binne yaranmu, sai ga shi yana nishi kamar mai naƙuda. A amalanke muka kai shi bakin hanya, muka yi zaman jiran mota har azahar, da muka samu kuma kowane rami motar ta faɗa sai ya damƙe hannuna. A Tanut aka sa masa roba ta gaba, wadda suke kira sondi. Abin da ya fito ba fitsari ba ne, gudan jini ne baƙi-baƙi. Da marar ta sace sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce wa ma'aikacin, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka," ya yi barci a zaune. Kwana huɗu muka yi can, aka rubuta mana takarda zuwa Damagaram.

Ƴarmu Hadiza tana aure a Damagaram, gidanta muka sauka, ni da Malam da Yaya Zuwaira da ta ce ba za a kai ƙanenta birni babu ita ba. Mijin Hadiza ya bar mana ɗakinsa, ya koma zaure. Har gobe ina yi wa yaron nan addu'a.

Asibitin birni duniya ce guda. Mutane daga Belbeji, daga Tenhya, daga wuraren da ban taɓa jin sunansu ba, kowa da tabarmarsa da butarsa a gindin bishiya. Ka zo da sassafe ka tarar da layi ya riga ka. A aike ka awon jini nan, awon fitsari can, hoton ciki da suke kira eko a wani ginin, ka je a ce mai yi ya fita, ka dawo jibi. Malam yana tafe a hankali, jakar fitsarin a ɓoye cikin babbar riga, yana riƙe da ita kamar wanda ya saci kaza. Kowace takarda aka miƙo, hanyar farmasi ce. Gyaɗar da muka ajiye don iri ita ta fara tafiya, sai awakina, daga baya san da yake ja mana amalanke. Ban ƙirga ba, ba na kuma son ƙirgawa.

Sai a sati na tara muka zauna gaban likitan mafitsara. Mutum ne siriri mai furfura a gemu, da gani shi ma a gajiye yake, amma bai yi mana gaggawa ba. Ya duba hoton ya daɗe, sannan ya fara tambaya. Malam ya taɓa yin tsargiya? Ya yi, shekara da shekaru yana yaro, ba magani. Yana shan taba? Ya sha, wajen shekara goma sha, lokacin da yake zuwa cin rani arewa, amma ya bari. Wane ruwa muke sha?

A nan na yi saurin amsawa, don a nan nake da abin alfahari.

"Na tabki ne, likita, amma ban taɓa ba shi haka nan ba. Kullum da jabel."

"Madalla. Kina barin ruwan ya kwanta, ki tace, kafin ki sa?"

"A'a."

"Da me kike awo?"

"Sai na ji wari."

"Shekara nawa?"

Na faɗa masa. Ya ajiye alƙalami, ya murza idanunsa.

"Hajiya, ki saurare ni har ƙarshe, kada ki ɗauki rabi," ya ce, ko da yake ban je Makka ba. "Akwai tsiro a mafitsarar Malam, kuma ina tsoron daji ne. Abin da na fi zargi tsargiyar nan ce da ta daɗe, sai taba. Maganar jabel kuwa, jabel yana ceton rai, ni ma ruwan da nake sha da shi a ciki. Amma in ya haɗu da ruwa mai datti, mai ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba, shi da dattin suna haihuwa. Ƴaƴan da suke haifa ba a ganinsu, suna da suna mai tsawo da Faransanci, ba zai amfane ki ba. Ana zaton wanda ya daɗe yana shansu da yawa, shekara da shekaru, suna iya ƙara masa haɗarin irin wannan ciwo. Ƙari ne kaɗan. Ba zan iya rantsewa sun taɓa Malam ba, ba zan iya rantsewa ba su taɓa shi ba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne, ruwan tabki ba magani ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba."

Ya ce kada in ɗauki rabi. Ni ban ɗauki rabi ba, duka na ɗauka, kuma nauyinsa bai sauka daga kaina ba har yau. Yaya Zuwaira ce ta ɗauki rabi. Muna fita, tun kafin mu kai gindin bishiyar da muka bar tabarma, ta tsaya ta dube ni.

"Ashe guba kike ba shi shekara ashirin."

"Yaya, ba haka likita ya ce ba."

"Da kunnena na ji. Ya ce suna haihuwa. To ga abin da suka haifa nan a cikin ɗan'uwana."

Malam yana gaba, yana fama da jakarsa, bai ji ba. Hadiza ta ce, "Gwaggo, don Allah a bari sai mun je gida." Ni kuwa ga buta a hannuna cike da ruwa, na kasa sha.

Sati biyu bayan nan aka yi masa aiki, aka kankare abin da za a iya kankarewa ta hanyar fitsari, ba a tsaga ciki ba. Jininsa ya yi ƙasa, aka ce a nemo masu bayarwa. Mijin Hadiza ya bayar, wani abokinsa mai gyaran babur da bai taɓa ganin Malam ba shi ma ya bayar, ya tafi bai tsaya an gode masa ba. Akwai wata ma'aikaciya mai kaushin harshe da ta taɓa yi mini tsawa a gaban mutane don na zubar da jakar fitsari ba a auna ba, na yi kuka a bayan ɗaki. Ita ce kuma ta zauna ta koya mini yadda ake wanke robar da yadda ake juya majinyaci kada bayansa ya yi gyambo. Ban san ko in yi fushi da ita ko in gode mata ba, sai na yi duka biyun.

An aika abin da aka kankaro Yamai don a duba. Muka yi ta jira. Yaya Zuwaira ta koma gida ta bar mu, ta ce gidanta ba kowa. A lokacin har na ji daɗin tafiyarta, ban san abin da ta tafi da shi a baki ba. Da sakamakon ya dawo, likita ya ce dajin ne, kuma ya riga ya kama naman mafitsarar ya wuce. Ya ce akwai abin da za a gwada a Yamai, amma bai ɓoye mana ba, ya ce ƙarin kwana ne ake nema, ba warkewa ba.

Malam ya ce, "Likita, in na je Yamai zan yi shuka bana?"

"Allah ne masani, Malam. Amma ban zata ba."

"To a mai da ni inda zan riƙa jin kukan jakina."

Na roƙe shi, Hadiza ta roƙe shi, ƙannensa suka yi ta bugo waya. Ya ce ya gama magana. Aka rubuta mana maganin rage zafi, muka dawo gida a farkon zafi, wata na huɗu da fara ciwon.

Da muka dawo na tarar da labari ya riga ni. Mata suna zuwa dubiya, in na kawo ruwa sai su ce Alhamdu lillahi, yanzu suka sha. Wata ta karɓa ta kai baki, ta shinshina, ta ajiye. Na gane. Ni kaina a satin farko na kasa taɓa kwalbar jabel. Na koma tafasa ruwan Malam, amma itace a Damargu ba abin wasa ba ne, ga jinya, ga wanki sau uku a yini, ga girki. Rannan na zauna a bakin murhu na rasa abin da zan fara, sai kawai na ga hawaye na zuba a kan zanena.

Da majo ya zo canza masa roba na faɗa masa halin da nake ciki. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce in kawo bokiti biyu da farin ƙyalle mai tsabta. Ya sa na bar ruwan ya kwanta, muka tsiyaye na saman ta cikin ƙyallen da aka ninka, har ya fito ana ganin gindin bokiti. Sannan ya auna magani daidai yawan ruwan, ya ce a rufe a jira kafin a sha. Ya ce in daina sayen na kasuwa marar rubutu, in karɓi wanda aka yi don ruwan sha, in bi awon da aka rubuta. Na ɗanɗana. Warin kaɗan ne, da ƙyar ake ji. Na ce a raina, ashe iyakar abin ke nan, aikin da bai kai daka ɗaya ba.

Malam ya ji maganar da ake yi ne daga bakin wani ɗan dubiya marar hankali. Ya jira sai da Yaya Zuwaira ta shigo da la'asar da ƴar ƙwaryarta. Tun dawowarmu ita take kawo masa ruwa daga gidanta, na rijiya ba magani, ta ce shi zai sha. Yana kwance a rumfa, ya rame har zoben hannunsa yana zamewa.

"Yaya, ajiye ƙwaryar nan," ya ce. "Rakiya, ɗebo mini na randarki."

Na ɗebo. Ya sa na tallafi kansa, ya sha a hankali har ya ƙoshi, yana kallon yayarsa.

"Yaya, ke kika wanke Sani da Nana da hannunki, kin manta? Matar nan ta tsare mini biyar. In ma ruwan ne, na sha da yardata, kuma na yafe. In na sake jin maganar nan daga bakinki, ban yafe miki ba."

Yaya Zuwaira ta ɗauki ƙwaryarta ta fita tana share ido da gefen mayafi. Na so a ce maganarsa ta sauke mini nauyin. Ta rage, amma ba ta sauke ba. Yafewa daban, sanin gaskiyar abin da ya faru daban, kuma wannan sanin ba wanda zai ba ni shi.

Satuttukan ƙarshe ba ni da abin faɗa a kansu da yawa. Zafi, ƙuda, warin da ba sabulun da yake kashe shi, juyi daga wannan gefe zuwa wancan. Maganin zafin ya daina riƙe shi. Abinci ya koma kunu, kunu ya koma cokali biyu. Wani lokaci yakan yi mini faɗa ba dalili, daga baya ya kama hannuna. Akwai ranar da na roƙi Allah ya hutar da shi, kuma ban sani ba ko shi nake roƙa wa hutun ko kaina. Ya cika ranar wata Talata da hantsi, ƙannensa biyu suna wurin, hadarin farko bai ko haɗu ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Waɗanda suka ba da jini, da waɗanda suka ba da ɗaki, da majo da likitan nan mai furfura, Allah ya biya su.

Takabata ta cinye damina duka. Ina cikin gida nake jin labarin cewa mata da yawa sun zubar da jabel ɗinsu, sun koma shan tabki yadda yake. Ina jin kukan yara masu zawo ta bayan danga, ba ni da ikon fita. Wannan ya fi mini maganar guba ciwo. Na aika a kira mini mata in nuna musu abin da majo ya nuna mini. Huɗu suka zo, biyu daga ciki don kallo.

To ga abin da nake so a ji. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko na mijinta, ko na ɗanta, kada a ce tsargiya ce za ta wuce, a tafi likita a satin, in an ce a wuce gaba a wuce. Kada a bar sa magani a ruwa saboda labarina. A bar ruwa ya kwanta, a tace, a auna, kada a yi awo da hanci kamar yadda na yi. Tsoro ne ya sa na yi ta tuttulawa, na ɗauka yawan magani shi ne yawan tsaro.

Ni da Yaya Zuwaira har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ina kwana, lafiya lau, kowa ya wuce. Ba ta taɓa janye maganarta ba, ni ma ban nema ba, ba ni da ƙarfin. Amma satin da ya wuce ina tsakar gida ina tsince wake, sai ga surukarta ta shigo, matar ɗanta, da goyo a baya. Ta gaishe ni, ta tsaya tana murza gefen zane.

"Inna, ƙyallen nan da kike tace ruwa, ko za ki ara mini? Da murfin awon."

"Ke kike so?"

Ta sunkuyar da kai. "Inna Zuwaira ce ta ce in karɓo. Amma ta ce kada in ce ita ta aiko ni."

Ƙyalle biyu gare ni, tsoho da sabo. Na tashi da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara, na ɗauko mata sabon.

"Ungo," na ce. "In ta tambaye ki, ki ce ban tambaya ba."